Martani ga Mai Cewa Itatuwanmu Ba Su Dace da Gari Ba

Kwanakin baya wani ɗan'uwa mai alƙalami ya fitar da maƙala a kan yadda za a ƙawata garuruwanmu na kudancin jihar Tawa, wato Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela. Abin da ya dame shi ni ma ya dame ni. Harabar makarantunmu fayau take babu inuwa, farfajiyar asibitoci sai ƙura, sababbin unguwanni kuma bulo ne da kwano iyakar ganinka. Inda muka rabu da shi shi ne wajen magani. A ganinsa a haƙa rijiyoyin burtsatse, a shimfiɗa ciyawar ado irin wadda ake gani a manyan masaukan baƙi, a jera itacen turare a bakin hanyoyi, a sayo furanni daga Yamai da Sakkwato. Gawo da aduwa da magarya da sabara kuwa ya ce na daji ne, ga ƙaya, ga jinkirin girma, ba su dace da garin da ke neman ci gaba ba. Malam, da dukkan girmamawa, ban yarda da wannan magana ba, kuma ina ganin idan magadan gari suka ɗauke ta za mu yi asarar ruwa da kuɗi da shekaru.

Mu fara da ruwa, tunda shi ne Malam ya tsallake. Ruwan saman da Ƙonni ke samu a shekara bai cika wuce milimita 500 ba, kuma yana raguwa in ka nufi arewa wajen Illela da Badagishiri. Kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Abin da rana da iska za su iya shanyewa a shekara kuwa ya haura milimita 2,000. Wato duk shukar da ba ta iya jure wata takwas babu ruwan sama, wani ne zai ɗauki nauyin shayar da ita har ƙarshen rayuwarta. A watan Afrilu, lokacin da bazara ta tsaya, ciyawar ado tana neman kimanin lita 7 zuwa 8 a kowane murabba'in mita kowace rana. Ɗan fili mai mita 10 a tsaye da mita 10 a kwance zai sha lita 700 zuwa 800 ke nan, kusan jarka 30 mai cin lita 25, kullum ta Allah. Idan aka auna da lita 20 da ake ƙiyasta wa mutum ɗaya a matsayin mafi ƙarancin abin da zai sha ya yi girki ya yi tsabta, wannan ɗan fili ya cinye rabon mutum talatin da wani abu. Wa zai biya 'yan ga-ruwa? Shugaban makarantar da alli ma sai ya yi roƙo? Kuma ranar da famfo ya ɗauke na mako biyu, kamar yadda yakan yi da bazara, ciyawar ta ƙone, an koma gidan jiya.

Malam zai ce ai Ƙonni garin ruwa ne, ga fadama, ga madatsai. Gaskiya ne muna da abin da wasu gundumomi ba su da shi. Filin noman rani na Ƙonni, wanda hukumar ONAHA ke kula da shi, ya haura hekta 2,400, kuma yana sha daga madatsun Mozage da Zango da aka gina a kan kwarin Majiya, ruwan ya biyo babbar hanyar ruwa ya zauna a tafkin Cerasa kafin a raba shi gonaki. Sai dai wannan ruwa yana da masu shi. Na mai alkama ne, na mai albasa da tumatir da kabeji, na mai dawa da masara. Kowane manomi a wannan fili ya san cewa shekara da shekaru ruwan bai isa a noma filin duka da rani ba, domin yashi da laka sun cinye cikin madatsun. Wannan ne ya sa gyaran filin Ƙonni ya shiga cikin yarjejeniyar dala miliyan 437 da Nijar ta sa wa hannu da hukumar MCC ta Amurka a 2016. Haka abin yake a Galmi, cikin gundumar Malbaza, inda albasar da ta fitar da sunan ƙasar nan har Abijan da Akara take fitowa, haka yake a Tsarnawa. Ruwan da ke ƙarƙashin waɗannan fadamu abinci ne da kuɗin makaranta da kayan auren 'ya'ya. Ban ga dalilin da zai sa a ɗebe shi a ba ciyawar da ko akuya ba za a bari ta ci ba.

Ina kuma yashin da ya cika madatsun ya fito? Daga tudu da dutsen Adar ya gangaro, daga wuraren da aka sare geza da sabara da kalgo har ƙasa ta zama fako. Ruwan sama in ya faɗi a kan fako ba ya shiga ƙasa, gudu yake yi ya kwashi abin da ya samu ya kai ƙorama. Waɗannan ƙananan itatuwa da Malam ya raina, su ne ke riƙe ƙasa a sama don ruwa ya zauna a ƙasa. Rijiyar burtsatse ba ta ƙirƙirar ruwa. Abin da ya nutse ne take jawowa, kuma idan masu ja suka yi yawa alhali abin da ke nutsewa ya ragu, rijiyoyin talakawa na kusa su ne ke fara ƙafewa.

A nan nake so Malam ya ɗan dakata, domin amsar maƙalarsa tana nan cikin gundumar Illela, ba sai an je wata ƙasa ba. Bayan farin 1984 akwai wurare da yawa a ƙasar Illela da Badagishiri da aka fid da rai da su, fako ne ja wur, ko ciyawa ba ta fitowa. A 1989 wani shiri da asusun FIDA ya ɗauki nauyinsa ya kai manoma 13 na yankin zuwa Yatenga ta ƙasar Burkina Faso, suka ga yadda mutanen can ke haƙa ramuka a kan fako suna noma. Abin bai zame musu baƙo ba, don kakanninsu na da irin wannan dabara da ake kira tassa, sai dai ta can ta fi girma kuma ana zuba mata taki. Suka dawo suka gwada a 'yan kadada kaɗan. Shekarar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, maƙwabta suka ga hatsin cikin tassa ya yi, na waje ya bushe. Daga nan ba a sake roƙon kowa ba. Kafin 1998 an farfaɗo da kimanin hekta 9,000 a yankin da tassa da ramuka masu siffar rabin wata, har fakon da a da ko kyauta ba a so ya zama abin saye da sayarwa.

Wanda bai taɓa ganin yadda ake tassa ba, ga yadda take. Da rani ake haƙa ta, lokacin da ƙasa ta fi tauri, ramin da zurfinsa bai wuce taƙi ɗaya ba, faɗinsa kuma taƙi ɗaya ko biyu. Ƙasar da aka fitar ana tara ta a gefen gangare don ta tare ruwa. A zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu. Gara ta zo cin takin, ta huda ƙasa ta yi hanyoyi. Ranar da ruwan farko ya sauka, maimakon ya gudu, sai ya taru cikin ramin ya bi hanyoyin gara ya nutse. Abin da ya shafi gardamarmu shi ne abin da ke cikin takin nan. Awaki da tumaki sun ci 'ya'yan gawo da bagaruwa da kalgo, ƙwayar ta ratsa cikinsu, ɓawonta mai tauri ya yi laushi, ta fito cikin kashi a shirye. Sai ga gawo ya tsiro tare da gero, babu wanda ya saye shi, babu wanda ya ba shi ruwa ko da moɗa ɗaya. A ƙauyen Batodi, masu binciken da suka bi diddigin wannan aiki sun rubuta cewa ruwan rijiyoyi ya hau da kimanin mita 14 tsakanin 1994 da 2004, har mata suka buɗe garake suna noman albasa da kayan miya a wurin da a da ruwan sha ma wuya yake. Mutanen Batodi sun fara da tare ruwan sama da barin itatuwan gida su tashi, sa'an nan garka ta biyo baya. Malam yana so mu fara da garka mai ƙishirwa, mu bar tunanin inda ruwan zai fito sai wani lokaci.

Sai batun jinkirin girma. Akwai gaskiya a ciki, amma rabinta ce. Itacen ƙasar nan a shekarunsa na fari ƙasa yake tafiya kafin ya yi sama. Ɗan gawon da kake gani bai kai gwiwa ba, saiwarsa ta riga ta yi nisa tana neman laima. Turare yana tashi da sauri ne saboda ana ɗura masa ruwa ko kuma ya samu fadama yana zuƙa, ganyensa dabba ba ta ci, ƙarƙashinsa kuma ba a cika samun amfanin gona na kirki ba. Kuma akwai hanyar gaggawa da Malam bai ambata ba. A 1983 wani ɗan ƙasar Ostiraliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya gaji da dashen da ke mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sarewa kowace shekara lokacin sassabe toho ne daga kututturen tsofaffin itatuwa masu rai. Idan aka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, aka rage sauran, aka kare su, cikin shekara biyu ko uku sai su wuce tsawon mutum, don saiwar ta riga ta girma tun zamanin kakanni. Wannan shi ne abin da manoma ke kira sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya manoman Nijar, musamman na Maraɗi da Damagaram, sun raya itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Babu wani shirin dashe na gwamnati ko na ƙungiya da ya kusanci wannan adadi a ƙasar nan. A 2018 aka ba Rinaudo lambar girma ta duniya tare da Yacouba Sawadogo, manomin Yatenga da ya shahara da gyaran ramukan da mutanen Illela suka je gani.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yawancin filayen da ake yanka wa makarantu da sababbin unguwanni a bakin Ƙonni da Malbaza tsofaffin gonaki ne, cike da irin wannan kututture. Abu na farko da ake yi shi ne a sa lebura su tumɓuke sabara da kalgo da 'yar aduwar da ke wurin, a share fili tas, sa'an nan ranar 3 ga Agusta, ranar da tun 1975 ƙasar nan ta keɓe don dashen itace, a zo da 'yan itatuwa cikin leda a dasa, a ɗauki hoto, a watse. Kafin watan Maris sai ka ga sandunan da aka kafa kawai.

Idan 'ya'yan itace Malam yake so da wuri, magarya ta isa misali. A tashar binciken ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, an yi aiki a kan auren magaryar gida da ire-iren magaryar Indiya masu manyan 'ya'ya, abin da ake sayarwa yanzu da sunan tuffar Sahel. Gindin na gida ne, shi ke jure fari, reshen da aka aura ne ke ba da 'ya'ya masu girma da zaƙi, kuma ba ta daɗewa kafin ta fara haihuwa. Ko ba a aura ba, magaryar gida tana ba yara abin tsotsa, mata su daka su yi akuri. Kuka ma ba sai an jira ta zama ƙatuwa ba. Ana shuka ta kusa da kusa a fangali, a riƙa tsinkar ganye tun tana 'yar wata kaɗan, a samu ɗanyen ganyen miya. Mutanen Mirya a Damagaram sun daɗe da sanin cewa ganyen kuka dukiya ce, da buhu suke sayar da shi.

Ƙaya kuwa, ai ba duka itatuwanmu ke da ita ba. Tsamiya ba ta da ƙaya, kanya ba ta da ita, ɗanya da kuka da maɗaci da marke duk haka. Kuma babu inuwar da ta kai ta tsamiya sanyi da tsakar rana, kowane dattijon da ya taɓa zaman kasuwar ƙauye shaida ne. Wanda ke da ƙaya kuma a ajiye shi inda ƙayar za ta yi aiki, wato a kan iyaka. A garin da awaki ke yawo sakaka, shingen bagaruwa ko na magarya ya fi waya daɗewa, ba ya tsatsa, ba a kwance shi da dare a sayar. Wanda ba ya son ƙaya ko kaɗan ga aguwa, wadda ake yanko reshenta a kafa a ƙasa da ƙarshen rani, babu ban-ruwa, ta kama da zuwan damina. Ga lalle, wanda ya daɗe da zama ɗan gida, shinge ne kuma ado ne ga mata.

Zaɓen itace dai sanin wuri ne, kuma a nan ne nake ganin maƙalar Malam ta fi rauni, domin ta ɗauki gundumomi uku ta yi musu magani ɗaya. Ƙasar fadamar Ƙonni da Galmi laka ce mai riƙe ruwa, ruwan ƙasa kuma yana kusa. Nan ne wurin tsamiya da kanya da giginya da maɗaci, nan ne kuma mangwaro da gwaba da lemo za su yi ba tare da an cuci kowa ba. Jigawa mai yashi wurin gawo ne da sabara da kalgo da goriba. Gawo ma sai an san halinsa: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa, dabbobi kuma su samu inuwa da 'ya'yansa a lokacin da babu komai. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimu ya kafa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare shi. Amma gawo itace ne babba, ya fi dacewa da filin makaranta, bakin kasuwar dabbobi ko gona, ba tsakar gida mai ɗaki biyu ba. Tudun dutse irin na Malbaza da Illela kuwa, inda ƙasa ba ta da zurfi kuma rijiya ke da nisa, sai masu taurin rai: aduwa, anza, jiga, geza, dakwara mai ba da ƙaro. A irin wannan wuri ba a dasawa a kan fako haka kawai. Sai an haƙa rabin wata, bakinsa na kallon inda ruwa ke gangarowa, a sa itacen a ciki, a shuka gamba a kan kunyar. Haka aka yi a aikin Keita da ya fara a 1984 da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, inda mata suka ɗauki duwatsu a ka aka farfaɗo da tuddan da kowa ya ce sun mutu.

Bari in tsaya a kan aduwa da anza, don su ne Malam ya fi yi wa kallon raini. Aduwa tana nan da ganyenta a watan da komai ya bushe. Ana tsotsar 'ya'yanta, ana fasa ƙwallon a fitar da mai, ana dafa dubagira a yi kwaɗo, dabbobi na cin ganyen, da itacenta ake sassaƙa allon da Malam da ni muka yi karatu a kai. Anza kuwa duk wanda ya ga yunwar 1984 ko ta 2005 ya san abin da ta yi wa mutane. Mata sun jiƙa 'ya'yanta kwana da kwanaki suna sauya ruwa har ɗacin ya fita, aka dafa aka ba yara. Saboda haka wasu ke jin kunyar ambatonta, suna ganin abincin wahala ce. Amma a Damagaram akwai kamfanin Sahara Sahel Foods da ke sayen ta daga matan ƙauye yana sarrafa ta, tare da aduwa da magarya, yana sayarwa a shaguna. Itacen da ke tsaye da koren ganye a kan dutse a watan Mayu, babu mai ba shi ruwa, kuma ya ciyar da kai ranar da rumbu ya ƙare, bai cancanci a tumɓuke shi don a sa furen da zai mutu ranar da mai gadi ya yi tafiya ba.

Kada a ɗauka ina gaba da duk abin da ya zo daga waje. Dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, daga Indiya ya fito, kuma shi ne inuwar yawancin titunanmu. A kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka jera shi layi biyu-biyu don karya iska, manoma suka ga ƙarin hatsi da idonsu, daga baya aka haɗa da bagaruwa. Zogale ma baƙo ne asali, ga shi yau babu garkar da ba shi. Waɗannan sun zauna da mu ne saboda sun iya ƙishirwa kuma suna da amfani. Duk baƙon itacen da ya cika waɗannan sharuɗɗa biyu, maraba da shi. Amma akwai sharaɗi na uku, kada ya fi ƙarfin masu gida. Itacen ƙayar nan da aka kawo daga nahiyar Amurka don tsayar da yashi, wanda ma'aikatan gandun daji ke kira furozofis, shi ma saurin girma aka yaba masa. Yau a yankin tafkin Cadi, wajen Gigimi, ya mamaye dubban kadada, ya toshe wa masunta da manoma hanya, cire shi ya zama aiki mai cin kuɗi. Wanda ya kawo shi da alheri ya nufa. Shi ya sa nake tsoron duk shawarar da hujjarta ɗaya ita ce abu yana girma da sauri.

Akwai wani dalili na gaskiya da ya sa mutane ke gudun itatuwan gida, Malam bai kawo shi ba, ni zan kawo masa. Shekaru da yawa doka ta sa gawo da aduwa da tsamiya da kuka cikin itatuwan da aka hana taɓawa, har manomi ya zamana yana tsoron sare reshe a gonarsa kada a ci shi tara. Turare da dogon yaro kuwa naka ne, ka sare lokacin da ka ga dama. Mutum ba ya renon abin da ba nasa ba, don haka da yawa suka gwammace su kashe ɗan gawo tun yana ƙarami. Amma an samu sauyi. Dokar gandun daji ta 2004 ta sassauta, kuma a watan Yulin 2020 gwamnati ta fitar da ƙudurin da ya amince cewa itatuwan da manomi ya raya a gonarsa ta hanyar sassaben zamani yana da haƙƙi a kansu. Abin da ya rage shi ne a kai wannan labari kowane ƙauye da Hausar da kowa zai gane, a gidajen rediyon gari da bakin hakimai da limamai. Da alƙalamin Malam ya yi wannan aiki da ya fi mana amfani.

Saura kyau, wanda shi ne asalin abin da Malam ke nema, kuma haƙƙinsa ne ya nema. Ni ma ina son in shiga harabar ma'aikata in ga fure. To, Malam ya taɓa tsayawa ya dubi kariya da tsakiyar rani, ba ganye ko ɗaya a jikinta, ga fure ja da fari ya rufe ta? A ƙasashen Turai da Asiya cikin tukwane ake renonta ana sayarwa da tsada, alhali a nan kan dutse take fitowa da kanta. Sai dai ruwan jikinta dafi ne, a nisanta ta da wurin wasan yara da turken dabbobi. Ga marga mai zubo da fure rawaya da bazara. Ga bagaruwa lokacin da ta yi fure ƙudan zuma suka taru a kanta, 'ya'yanta kuma majema na jira. Ga gamba in ta yi kai da kaka iska na kaɗa ta, bayan haka a yanke a saƙa zana. Wanda ya tsara waɗannan da hankali, ya sa tsamiya a tsakiya, lalle a gefe, kariya a bakin ƙofa, ya shimfiɗa tsakuwa ko yashi mai tsabta a inda Malam ke son ciyawa, zai samu wurin da ke da kyau wata goma sha biyu.

Ban ce babu wahala ba. Shekara biyun farko sai an tsaya. Irin gawo da bagaruwa sai an jiƙa shi a ruwan zafi ko a ɗan kankare ɓawon kafin ya tsiro. Kada a bar ɗan itacen ya daɗe cikin leda, don saiwarsa takan naɗe kamar gammo, in an dasa ba ta sake miƙewa ƙasa, shi ya sa sau da yawa shuka ƙwayar kai tsaye cikin ramin ta fi. A dasa bayan ruwa ya zauna, a watan Yuli, kada a jira ƙarshen damina. A kewaye da ƙaya ko tsohon kwando saboda awaki. A ranin farko a binne ƙaramin tulu kusa da gindin, a riƙa cika shi lokaci-lokaci a rufe bakinsa, ruwan ya riƙa tsatsowa a hankali, a kuma rufe gindin da kara ko busasshen ganye. Ruwan alwala da na wanke hatsi ya isa wannan hidima a gida. Bayan rani biyu an sallame ka. Ciyawar Malam kuwa ba ta da ranar sallama.

Matsala ɗaya da na sani ita ce wanda ya je wurin masu renon itatuwa a bakin hanya zai tarar da dogon yaro da turare da mangwaro, da wuya ya samu ɗan tsamiya ko aduwa ko kanya. Masu renon ba su da laifi, abin da ake saye suke shukawa. Ranar da ma'aikatar magajin gari ta ce itatuwan gida za ta saya don makarantu, cikin damina ɗaya za su cika wurin.

Don haka ina kira ga magadan garin Ƙonni da Tsarnawa da Malbaza da Dogarawa da Illela da Badagishiri, da shugabannin makarantu da kwamitocin masallatai: kafin a share kowane sabon fili, a zagaya da wani tsohon manomi ya nuna kututturen da ke da rai a bar su. A dashen 3 ga Agusta mai zuwa a sa itatuwan gida su fi yawa, a dasa kaɗan da za a iya karewa, kowane itace a ɗora shi a wuyan aji ɗaya ko gida ɗaya, a kuma dawo a watan Mayu a ƙirga waɗanda suka rayu. Shi kuma Malam, ina roƙonsa kafin ya sake rubutu a kan wannan batu ya hau mota zuwa Badagishiri, ya nemi wanda zai kai shi Batodi, ya leƙa rijiyoyinsu, ya tambayi matan da ke ban-ruwa a garka yadda wurin yake a da. Gani ya kori ji, kuma tafiyar ba ta wuce yini ɗaya ba.